Me ya sa ƙananan kamfanoni suka fi iya tsorata mu?

Duk wanda muka taɓa hirar finafinan ban tsoro da shi ya san inda na tsaya: idan na ga an narka wa fim kuɗi, an sa babban jarumi, an cika gari da talla, to na san zan kalla in yi barcina lafiya lau. Wanda ke hana ni zuwa banɗaki da dare kusan kullum daga hannun ƙaramin kamfani yake fitowa.

Shekarar 2017 ce babbar hujjata. A shekarar babban kamfanin Universal ya fitar da The Mummy, da Tom Cruise a gaba, bayan ya kashe sama da dala miliyan 125. Niyyarsu su farfaɗo da tsofaffin dodanninsu ɗaya bayan ɗaya, har suna suka raɗa wa shirin, Dark Universe. Fim ɗin ya tara kusan miliyan 410, amma da aka cire kuɗin talla da kason gidajen sinima sai lissafi ya ƙi fita, aka naɗe tabarmar shirin daga fim na farko. A wannan shekarar dai kamfanin Blumhouse ya yi Get Out da miliyan 4.5 kacal. Ya tara kusan miliyan 255, kuma daraktansa Jordan Peele ya ci Oscar na rubutun labari.

A ganina dalilin a fili yake. Wanda ya zuba miliyan ɗari dole ya nemi kowa da kowa: samari, magidanta, 'yan kallo na Sin da Brazil. Sai a rage jini don yara su samu shiga, a ƙara gudu da fashe-fashe, a yafa barkwanci. Sannan wa zai yarda Tom Cruise zai mutu a tsakiyar fim? Tun daga fosta ka san zai tsira. Amma baƙuwar fuskar da ba ka taɓa gani ba, kowane lokaci ana iya gamawa da ita, shi ya sa zuciyarka ba ta kwanciya.

Rashin kuɗin kansa ma taimako yake yi. Mai ƙaramin jari ba shi da halin nuna dodo, sai ya ɓoye shi, kamar Dodon tatsuniya da ba mu taɓa gani ba amma ya hana mu leƙa rijiya. John Carpenter ya yi Halloween a 1978 da kusan dala 300,000, kuma fuskar robar da makashin ke sawa ta Captain Kirk na shirin Star Trek ce aka sayo a shago aka shafa mata farin fenti. Oren Peli kuwa a cikin gidansa na San Diego ya ɗauki Paranormal Activity da dala 15,000. Kyamara a kafe tana kallon gado, ƙofa ta ɗan motsa, shi ke nan. Wallahi wannan ƙofar ta fi guguwar rairayin The Mummy tayar min da tsigar jiki.

Jason Blum, mai kamfanin Blumhouse, ya mayar da wannan tsari sana'a: wuraren ɗauka kaɗan, 'yan wasa kaɗan, ladan farko ɗan kaɗan, in an ci riba a raba. Tunda asarar ba za ta karya kowa ba, darakta na samun sakewa ya gwada abin da ya ga dama.

Sai dai kada in cika baki. Ƙananan kamfanoni na zubo shirme ba iyaka, waɗanda suka yi nasara kawai muke tunawa. Kuma ko masu kyan, da ƙyar suke isowa gare mu ba tare da manyan ba. Paranormal Activity ya yi shekara biyu yana jira kafin Paramount ya kai shi sinima a 2009, ya kashe wa tallarsa ninkin ba ninkin abin da aka yi shi da shi. Get Out ɗin ma Universal ne ya rarraba. The Exorcist na 1973 kuwa, wanda har gobe ba na kallo ni kaɗai, aikin Warner Bros. ne.

Universal dai ya ɗauki darasi, ya miƙa wa Blumhouse ɗaya daga cikin tsofaffin dodannin nasa. The Invisible Man ya fito a 2020 da miliyan 7, ya tara sama da 140. Amma a 2021 sai ga Universal ɗin ya biya miliyan 400 don samun haƙƙin yin sababbin The Exorcist guda uku, Blumhouse ne kuma zai shirya. Na farkon ya fito a 2023, masu sharhi suka yi masa kaca-kaca, aka janye na biyun daga jadawali.