Kakar ƙwallon Suwidin ta 2025 da na bi daga farko har ƙarshe

Ni dai abin da ya fara jawo ni kallon ƙwallon Suwidin shi ne Alhassan Yusuf, ɗan Kano da ya buga wa IFK Göteborg kafin ya koma Antwerp a 2021. Da aiki ya kawo ni birnin Göteborg sai na ce ai ba sai na tsaya neman kulob ba, inda ɗan'uwanmu ya sa riga nan zan tsaya. A 2025 na ɗaura niyyar bin gasar Allsvenskan, babbar gasar ƙwallon ƙasar, tun daga wasan farko, ba irin kallon da muke yi wa Firimiya ba na jiran sai manya sun haɗu.

Nan kaka ba kamar ta Ingila ba ce, ana farawa ƙarshen Maris a gama a Nuwamba saboda hunturunsu ba wanda zai iya taka leda a cikinsa. Ƙungiyoyi 16 ne, kowacce wasa 30, biyun ƙarshe su faɗa Superettan, wato rukuni na biyu, ta 14 kuma ta buga wasan neman tsira. Wasannin farko an yi su daidai ƙaramar sallah kuma wallahi sanyin Gamla Ullevi, filin wasan IFK, sai da ya shiga min har ƙashi. Wanda duk zai je ya sa safa biyu da safar hannu, musamman in a wajen tsayuwa ya sayi tikiti, don ƙafa ce take fara mutuwa.

Abin da ya fi ba ni mamaki babu VAR. Sam babu. Alƙalin wasa in ya busa shi kenan, an ci ƙwallo kowa ya yi tsalle ya rungume na kusa da shi ba tare da an tsaya ana zare ido ana jiran wani ya ja layi a talabijin ba. Na tambayi wani dattijo da muke yawan tsayawa tare dalili, ya ce ai kulob ɗin na mambobi ne, doka ta ce dole rinjayen ƙuri'a, kashi 51, ya zauna a hannunsu, su kuma a tarukansu na shekara suka ƙi amincewa da na'urar. Wato mai kuɗi ba zai zo daga wata ƙasa ya saye kulob kamar ya sayi shago ba. Akwai ranar da na koma gida raina a ɓace saboda fanaretin da nake ganin an hana mu, amma duk da haka na fi son hakan, murna ta gaskiya ta fi.

To sai ga Mjällby. Da farko ban ma san yadda ake faɗin sunan ba. Kulob ne daga Hällevik, wani ƙauyen masunta a bakin teku can kudu a yankin Blekinge, filinsu Strandvallen ɗan ƙarami ne iska na kaɗowa daga ruwa, kuma a 2016 saura ƙiris su faɗa rukuni na huɗu ga bashi ya yi musu katutu. Kocinsu a lokacin, Anders Torstensson, ya taɓa zama shugaban makaranta. Da suka hau saman teburi, kowa a tasha da wajen aiki cewa yake bari dai a dawo daga hutun bazara za su gaji, Malmö da ta ɗauki kofi a 2023 da 2024 ga kuɗi ga 'yan wasa za ta taso, ko Hammarby ta kamo su. Aka dawo, ba su gaji ba. Ba dogon bugu suke yi su ƙanƙame baya ba kamar yadda ƙananan kulob suka saba, daga gola Noel Törnqvist suke fara gina wasa a ƙasa cikin natsuwa, ga ɗan Gambiya Abdoulie Manneh a gaba yana wahalar da 'yan baya.

Ranar Litinin 20 ga Oktoba suka zo gidanmu. Ina cikin masu shuɗi da fari na IFK ina fatan a jinkirta musu bikin ko da sati ɗaya ne, amma Jacob Bergström ya juya ya yi wata wulƙitawa ta baya ƙwallo ta shiga, Tom Pettersson ya ƙara ta biyu, 2-0 aka tashi. Ɓangaren magoya bayan Mjällby duk ya koma launin rawaya da baƙi, na hango tsofaffi da furfura suna kuka riƙe da jikokinsu, saura wasa uku a gama gasar sun riga sun ɗauki kofin farko a tarihinsu. Da yawa daga cikin namu ba su fita ba, suka tsaya suka tafa musu, ni ma na tafa ko da yake zuciyata ba daɗi.

Sun ƙare da maki 75, wanda ba a taɓa samu ba a gasar, sau ɗaya tak aka doke su. Da a ce sakamako kawai nake dubawa a waya da sai in ce sa'a ce, amma wanda ya bi su mako-mako ya ga mutanen da suka daɗe tare, kowa ya san inda ɗan'uwansa zai tsaya kafin ya ɗaga kai. Na riga na biya kuɗin zama mamba a IFK, taron shekara mai zuwa da ni za a kaɗa ƙuri'a in Allah ya kai mu, kuma in maganar VAR ta taso na san inda zan jefa tawa.