Da 2:2 ɗina na kutsa bankin zuba jari a Legas

Ranar da aka kafe sakamakonmu na aji uku ban ma ƙarasa gaban allon ba, wani abokina ya juyo ya ce min "mutumina 2.9 ne fa", na ce to Alhamdulillahi, na wuce ɗaki na kwanta da takalmina a ƙafa. Ba laifin kowa ba ne, keri-oba biyu na kwaso a aji biyu lokacin da nake ganin harkar waya a Farm Centre ta fi min zaman lakca. Ko da zan cinye duk kwasakwasan aji huɗu da A, lissafi ya nuna ba zan taɓa 3.50 ba, ita ce kuwa ƙofar 2:1, wato digiri mai daraja ta biyu ta sama, ni kuwa a 2:2 ta ƙasanta zan ƙare.

Ni kuma abin da ya shiga raina shi ne bankin zuba jari, ba bankin da ake bin layi a cire kuɗi ba fa, a'a, masu haɗa wa kamfanoni da gwamnati hanyar tara kuɗi, su sayar musu da hannun jari ko takardun bashi, ko su shiga tsakani in wani kamfani zai sayi wani. Irin su Stanbic IBTC Capital da Chapel Hill Denham da Afrinvest, kusan duk a Legas suke. Yadda na kamu ma abin dariya ne, a Disamban 2021 da aka fito da hannun jarin MTN a kan naira 169, na sayi guda 20, mafi ƙaranci kenan, naira 3,380, sai na zauna na karanta takardar tayin tun daga farko saboda kuɗina ne a ciki, na ga jerin sunayen waɗanda suka shirya cinikin, na ce su waye kuma waɗannan?

Matsalar ita ce yawancin tallan ɗaukar sababbin ma'aikata 2:1 suke nema, ga iyakar shekaru, kana cike fom a intanet ka zaɓi 2:2 kwamfuta ce za ta watsar da kai, ba mutumin da zai ga CV ɗinka balle ya ji uzurinka. Na cike sun fi goma, shiru kamar an shuka dusa.

Sai na bar bin ƙofar gaba. Na sauke rahoton shekara na Dangote Cement, na zuba shi a Excel layi-layi, na yi hasashen shekara biyar, ina koyo a YouTube da daddare in data ta yi arha. Wata biyu ina fama. Na tura wa mutane kusan arba'in a LinkedIn, ban ce musu ku ba ni aiki ba, cewa na yi don Allah ku duba min wannan. Uku suka amsa. Wata baiwar Allah ta rubuto min layi ɗaya, wai kadarorina da bashina ba su daidaita ba, akwai gibi a shekara ta uku. Kwana huɗu ina nema, ashe ragin darajar injina na cire sau biyu. Na gyara na mayar mata, ita ce daga baya ta haɗa ni da wani ƙaramin kamfani da ya ba ni takardar neman in yi bautar ƙasa a wurinsu.

A intabiyu ogan ya kalli takardata ya ce me ya faru da makinka, na ce ranka ya daɗe kasuwa ce ta ɗauke min hankali, ban yi masa kwana-kwana ba. Ya yi shiru, sannan ya ce ka san sukuk? Wallahi nan na gyara zama. Sukuk takardun zuba jari ne bisa tsarin Musulunci, na farko na gwamnatin tarayya a 2017 naira biliyan 100 ne na gina hanyoyi, a kan ijara aka ɗora shi, wato masu zuba kuɗi su ne masu kadarar, gwamnati tana biyansu haya ba ruwa ba. Ijara kuwa tun muna Islamiyya malam ya karantar da mu a babin ciniki, muna gyangyaɗi. Minti ashirin muna kai, bai ƙara komawa kan makina ba.

Aikin fa akwai wuya, ƙarfe goma na dare kana gyara PowerPoint saboda oga ya ce kalar ba ta yi masa ba, alawus ɗin kuma kuɗin mota daga Yaba ya cinye rabi. Bayan bautar ƙasa suka riƙe ni, daidai lokacin da CBN, a Maris 2024, ta ce manyan bankuna su kai jarinsu naira biliyan 500, aiki ya yi yawa, ana neman hannu. Manyan gidajen har yau ban gwada su ba, sai na tara kuɗin jarrabawar CFA ta ƙwararrun masu nazarin zuba jari, da dala ake biya.

Baba kam har yanzu duk waya sai ya tambaya, "kai dai ba aikin kuɗin ruwa kake yi ba ko?" Nakan ce Baba teburin sukuk nake. Teburin da ke kusa da nawa ne ban taɓa ba shi labarinsa ba.