Itanol a tankin Subaru: tiyo ne ya fara ba ni labari

Tun ina yaron shago a Suame Magazine, unguwar makanikai ta Kumasi, nake jin masta yana cewa motar turbo, wato mai na'urar da ke cusa ƙarin iska cikin inji, ba ta shiri da zafin Kumasi. Sai da na mallaki Subaru WRX na gane nufinsa. Da rana tsaka in na taka ta a hanyar Ejisu, injin yakan fara ƙwanƙwasa, nan take ƙwaƙwalwar motar ta rage masa ƙarfi don kada fistin ya lalace. Fetur mai oktan 95 (oktan shi ne ma'aunin yadda mai ke jure ƙwanƙwasa) nake sha mata, amma bai ishe ta ba. Dalilin da ya kai ni ga E85 ke nan, wato kashi 85 itanol (barasar da ake tacewa daga irin su rake da rogo), kashi 15 fetur. Oktan ɗinsa ya haura 100, kuma in nozul ya fesa shi, yana sanyaya iskar da ke shiga inji.

Ranar da na shigo gida Aboabo da jarkoki, Baba ya shinshina ya ce, "Kai, giya za ka ɗura wa mota?" Na ce, "Baba, ba ta sha ba ce, fetur ake gauraya mata, wuta za ta ci." Ya ce duk da haka in je in tambayi malam. Na je, sannan hankalinsa ya kwanta.

Abin da samari ba sa son ji shi ne, itanol bai kai fetur ƙarfi ba in aka auna lita da lita. Fetur yana son iska kashi 14.7 a kan kashi ɗaya na mai, E85 kuwa wajen 9.8. Ma'ana dole inji ya sha ƙarin mai sama da kashi 30 cikin ɗari. Tsofaffin nozul ba za su iya ba, don haka na sa manya, na sa famfon Walbro mai tura lita 450 a awa, aka sake wa ƙwaƙwalwar lissafi. In ba a yi haka ba mai zai yi ƙaranci, iska ta yi yawa, inji ya ɗau zafi har fistin ya narke.

Tiyo ne na bari, don a ido lafiyarsa ƙalau. Bayan mako uku motar ta fara shaƙewa a kan tudu. Da na kwance filta na zazzage ta a kan farin tsumma, sai ga baƙin gari kamar na gawayi, haɗe da ɓarɓashin roba. Itanol ya wanke dattin shekaru da ke kwance a tanki, ya kuma cinye cikin tsohon tiyon. Na matsa shi da yatsa, ya lotsa kamar dafaffen rogo, wari yana tashi dab da inda turbo ke yin ja. Gabana ya faɗi, domin saura ƙiris ya zama gobara. Ranar na cire su duka na sa masu Teflon a ciki, wanda itanol ba ya ci, na canza duk wata roba da ke kan nozul.

Samun man kansa shi ne babban aiki, tunda ba a sayar da E85 a famfo a nan. Burazil tun 1975 ta kama hanyar itanol na rake, a 2003 ta fara fitar da motoci masu shan fetur ko itanol. Mu da rogo ya cika mana gonaki har yanzu da jarka muke nema, abin yana damuna ƙwarai. Ga shi wanda aka tace ta hanyar da aka saba ba ya wuce kashi 96, saura ruwa ne. Wani ya taɓa sayar mini da irinsa, na gauraya a kwalba na ajiye, da safe na tarar ya rabu gida biyu. Kuma itanol yana zuƙar laima daga iska, damunar Kumasi kuwa kun santa. Yanzu ba na barin jarka a buɗe, ba na barin motar ta yi makonni da mai a tanki.

Na ƙara da na'urar da ke auna yawan itanol a cikin tiyo tana gaya wa ƙwaƙwalwar, saboda in tafiya ta kama ni zuwa Tamale in sha fetur zalla ba fargaba. Jiya da azahar na sake bin hanyar Ejisu da yaron shagona. Ya kasa kunne har muka wuce tudun, ya ce, "Masta, ƙwanƙwasar ta tafi." Filta dai Asabar mai zuwa zan sake kwance ta in duba.