Awa biyu a laburaren kwalejinmu

Wata uku ke nan ina fama da babi na biyu na binciken kammala karatuna, a kan cutar sikila ga mata masu juna biyu. Kullum Google nake buɗewa, in kwaso tarkace, da na ga maƙala mai kyau sai a ce sai na biya kuɗi.

Jiya laburaren kwalejinmu ta shirya mana bita. Wata Hajiya da ke kula da sashen kwamfuta ta jawo kujera ta zauna kusa da ni, ta gyara tabarau, ta ce, "'Yata, me kike nema takamaimai?" Nan ta buɗe min PubMed, rumbun neman maƙalolin likitanci a intanet, wanda Laburaren Likitanci ta Ƙasar Amurka ta sake wa kowa kyauta tun 1997. Ta nuna min MeSH, kalmomin da ake yi wa maƙaloli laƙabi da su. Muka ɗauko na sikila da na ciki, muka sa kalmar AND a tsakani don a fito mana da maƙalolin da suka haɗa duka biyun kawai. Tulin nan ya tsuke, ya koma abin da zan iya karantawa. Wallahi sai da idona ya kawo ruwa.

Ashe ma makarantarmu tana da mabuɗin HINARI, shirin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fara a 2002 don ƙasashe irin namu su samu mujallun likitanci. Zotero kuma, wata manhajar tsara manazarta, ya jera min su a tsarin Vancouver, salon da aka saba bi a rubutun likitanci, kafin a kira la'asar.

Hajiya, Allah ya saka miki da alheri. Gobe zan zo da ƙawayena biyu.