Kwanakin da Ba Su Taɓa Zuwa Ba

Idan ka ga an rubuta cewa wani abu ya faru a birnin Rum ranar 10 ga Oktoba, 1582, marubucin bai yi bincike ba, domin wannan ranar ba ta zo ba sam. Mutanen Sifaniya da Fotugal da yawancin Italiya sun kwanta daren Alhamis 4 ga wata, gari ya waye Juma'a 15 ga wata. Paparoma Gregory na 13 ne ya sa aka tsallake kwana 10 domin gyara kalanda, amma jerin ranakun mako bai taɓu ba.

Tushen matsalar lissafi ne. Kalandar Juliyas Kaisar, wadda ake bi kafin gyaran, ta ɗauki shekara a matsayin kwana 365 da kwata, shi ya sa duk shekara huɗu Fabrairu ke yin 29. Alhali shekarar rana ta gaza haka da kusan minti 11. Abin kamar wasa, amma duk shekara 128 sai ya taru ya zama kwana guda. Coci na lissafin Ista ne daga 21 ga Maris, ranar da dare da yini ke daidaita, sai ga shi a ƙarni na 16 daidaituwar tana faɗowa wajen 11 ga Maris. Bayan an zubar da kwana goman, sai aka kafa ƙa'ida: shekarar da ta cika ɗari ba ta samun 29 ga Fabrairu sai idan 400 ta raba ta ba saura. Don haka 2000 ta samu, 1900 ba ta samu ba, 2100 ma ba za ta samu ba.

Inda masu rubuta "a rana mai kamar ta yau" ke faɗawa rami shi ne ƙasashe ba su karɓi gyaran lokaci guda ba. Faransa ta bi a Disamban 1582. Ingila da ƙasashen da take mulka sun jira har 1752, suka tashi daga Laraba 2 ga Satumba zuwa Alhamis 14. Rasha sai 1918, inda 14 ga Fabrairu ta biyo bayan 31 ga Janairu, abin da ya sa juyin juya halin 25 ga Oktoba, 1917 ake tunawa da shi 7 ga Nuwamba. Girka ta bi a 1923.

Na Ingila ya fi rikitarwa, domin kafin gyaran shekararsu ta hukuma na farawa ne 25 ga Maris. Duk kwanan watan da ya faɗo tsakanin 1 ga Janairu da 24 ga Maris yana ɗauke da lambar shekarar da ta gabata. George Washington, shugaban Amurka na farko da aka haifa lokacin mulkin Ingila, a takardun zamaninsa an haife shi 11 ga Fabrairu, 1731, yau kuma ana cewa 22 ga Fabrairu, 1732. Rana ɗaya ce, kwana da shekara duk sun motsa.

Amma ni dai a ganina babu wadda ta kai Suwidin abin mamaki. Sun ce ba za su yi tsalle ɗaya ba, za su riƙa barin 29 ga Fabrairu a hankali na tsawon shekara 40. Sun bar ta 1700, sai yaƙi ya ɗauke hankali, 1704 da 1708 suka zo da kwanansu cif. Ƙasar ta tsinci kanta ba ta tare da kowa: ta wuce tsohuwar kalanda da kwana ɗaya, ta kasa kamo sabuwar. A 1712 suka mayar da kwanan da suka cire, Fabrairu ya yi 30. Sai a 1753 suka yi abin da suka guje wa tun farko.

Ga yadda ake mayar da kwanan wata daga tsohuwar kalanda zuwa ta yanzu. Ɗauki lambar ɗaruruwan shekarar, ka raba ta da 4, ka jefar da saura, ka cire abin da ka samu daga lambar, sannan ka ƙara cire 2. Misali 1917: 19 a cire 4 a cire 2, saura 13, kwanan da za ka ƙara ke nan. Na 1752 zai ba ka 11. A yi hattara da Janairu da Fabrairu na shekaru irin su 1700 da 1800, domin tazarar ba ta ƙaruwa sai Fabrairu ya ƙare. Kuma kafin a fara lissafi, a tabbatar mai littafin bai riga ya mayar ba, in ba haka ba a ƙara sau biyu.

Manhajojin da ke sauya kwanan Hijira ma suna da wannan tarko. 1 ga Muharram na shekarar farko ana daidaita ta da 16 ga Yuli, 622 a kalandar Juliyas, wata manhajar kuma ta nuna maka 19 ga Yuli domin ta ja kalandar Gregory baya. Duka biyun daidai ne, sai dai ka rubuta wacce ka bi. Excel kuwa, wato manhajar lissafi ta Microsoft, har yau yana karɓar 29 ga Fabrairu, 1900, ranar da ba ta taɓa zuwa ba a kalandar Gregory, don haka duk lissafin da ya ratsa ta wannan ranar a cikinsa zai fito da ƙarin kwana ɗaya.