Laraba, Maiurno ta Sudan: ƙwan zalɓe

Ɗan ƙanwata da ke karatun kimiyyar muhalli ya tashe ni tun asuba, wai in raka shi da abokan aikinsa bakin kogin Shuɗin Nilu ɗibar ƙwan tsuntsaye, za su gwada ko akwai dafin maganin feshi a ciki. Da hantsi muna ƙarƙashin bagaruwar da zalɓe da belbela suka cika da sheƙa. Ga wari, ga kashi yana zubo mana a ka.

Ƙwai ɗaya tak suke ɗauka a sheƙa, sun ma fi son wanda ya ƙi ƙyanƙyashewa. Kowanne a naɗe shi da takardar alminiyam, a rubuta lamba, a sa a kula mai ƙanƙara. Leda kam a'a, wai tana iya gurɓata sakamakon.

Na ce me ya sa ba za su ɗebi ruwan kawai su gwada ba? Ya ce, "Kawu, a ruwa dafin ya tsinke, da ƙyar na'ura ke ganinsa. Amma yana taruwa a kitsen kifi, zalɓe ya ci kifin, uwar ta zuba kitsen a gwaiduwa." Abin da suke nema DDE ne, wato abin da maganin kashe ƙwari na DDT ke komawa a jiki. Shi ke sa ɓawon ƙwai ya yi siriri har ya fashe a ƙarƙashin uwa. Amurka ta hana DDT a 1972, Yarjejeniyar Stockholm ta 2001 ta taƙaita shi a duniya, amma yana shekaru a ƙasa bai ruɓe ba. Mu kuwa tun da aka gama dam ɗin Sinnar a 1925 auduga ta daɗe tana mulki a gonakin Jazira, kuma iyayenmu da suka yi ƙodago a gonakin sun sha ba mu labarin jiragen feshi. Za su duba har da zaibar da masu haƙar zinari ke amfani da ita.

A gida ya ɗaga kai yana kallon sheƙar shamuwar da ke kan bishiyarmu. Inna ta ce, "Kai yaro, kul! Baƙuwar damina ce, ba a taɓa ta." Ya yi dariya ya ce ai fara ta fi ci, ba ta cikin lissafinsu.

Sakamako sai bayan watanni. Kifin da aka soya mana da dare daga wannan gaɓar aka kamo shi, shi ya sa na ce idan ya fito ya karanta wa masunta da Hausa, kada ya tsaya a takardar makaranta.