Waƙa da Hannu a Gefen Kwalbar Bakwaini

Sashen kulawa ta musamman na jarirai wuri ne mai yawan amo. Na'urori suna kuka, ana buɗe ƙofofin kwalba ana rufewa, alhali tun 1997 ƙungiyar likitocin yara ta Amurka ta ja hankali cewa bai kamata ƙara ta wuce desibel 45 (ma'aunin ƙarfin amo) a wurin ba. Saboda haka ba na ganin laifin wanda ya yi turus da ya ji cewa ana rera wa bakwaini waƙa a matsayin jinya.

Sai dai abin da ake yi ya sha bamban da kunna rediyo. A 2013 Joanne Loewy da abokan aikinta sun wallafa bincike a kan bakwaini 272 a asibitoci 11 na Amurka, inda suka yi amfani da wani faifai mai amo irin na cikin mahaifa, da ɗan akwatin katako da ake bugawa da yatsa daidai da bugun zuciyar jariri, da kuma waƙar reno da iyaye suka zaɓa. An ga bugun zuciya ya lafa, tsotso da barci kuma sun gyaru. Kafin nan Jayne Standley ta Jami'ar Jihar Florida ta ƙirƙiro robar tsotso wadda take kunna waƙa idan jariri ya tsotsa, domin ya gane cewa ƙoƙarinsa yana da lada.

Aikin mai waƙa ɓangare ɗaya ne kawai na jinyar; ɗaya ɓangaren shi ne na ƙwararriyar da ke koyar da jiki ayyukan yau da kullum, kuma ayyukan bakwaini ba su wuce barci, da natsuwa, da shan nono ba. Ba ƙananan ayyuka ba ne, domin haɗa tsotso da haɗiya da numfashi ba ya fara daidaituwa sai wajen mako na 32 zuwa 34 na ciki. Ita ce take naɗe zane ta kewaye jariri domin ya dunƙule kamar yadda yake a mahaifa, ta kawo hannayensa kusa da bakinsa, ta riƙa sauya masa kwanciya domin kada kansa ya baje ta gefe ɗaya.

A ganina amfanin haɗa su biyun yana cikin sanin lokacin da za a yi shiru. Ƙwararriyar tana ɗora tafin hannu ɗaya a kan jariri, ɗayan a tafin ƙafafunsa, ba ta shafawa, tana riƙewa ne kawai, mai waƙa kuma tana rera sauti biyu ko uku a hankali tana bin tashi da saukar ƙirjinsa. Da zarar ya ware yatsunsa, ko ya yi hamma, ko shaƙuwa ta kama shi, ko launin fatarsa ya sauya, mai riƙe da shi ita ce take fara ji a hannunta, sai ta yi wa abokiyar aikinta ishara a rage murya ko a dakata. Waƙar da aka naɗa a waya ba ta san bakwaini ya gaji ba, shi ya sa nake ɗari-ɗari da masu barin ta tana yi dare farai a gefen kwalba da sunan jinya.

Bai kamata kuma a zuzuta abin ba. Yawancin hujjojin da ake da su na gajeren lokaci ne, kuma wani babban gwaji mai suna LongSTEP da aka yi a ƙasashe 5 bai ga bambanci a shaƙuwar uwa da ɗa ba bayan an koya wa iyaye rera waƙa. Duk da haka uwa tana da abin da ƙwararru ba su da shi, tunda jariri ya fara jin muryarta tun yana ciki. Idan aka kwantar mata da shi a ƙirji fata da fata, hanyar da aka fara a birnin Bogota na ƙasar Kolombiya a 1978, ƙwararriyar tana gyara masa wuya da ƙafafu, mai waƙa kuma tana nuna wa uwar yadda za ta sassauta murya, da alamun da idan ta gani za ta dakata.